Alƙaliyar da Aka Ɗinke a Jar Fata

A gidanmu ba mai yi wa Kaka musu sai ni. Baba ɗanta ne na fari, ko sunansa ba ta faɗa, shi kuma in ta yi magana sai ya sunkuyar da kai ya ce to, ko da cewa ta yi gero a kan bishiya yake fitowa. Baffa, ƙanin Baba, hatsi yake sayarwa a Dawanau. Zai iya ciniki da mutum goma a tsaye ya kayar da su duka, amma a gaban Kaka muryarsa komawa take ta ɗan tsako. Umma suruka ce, ko ido ba sa haɗawa. Ni kuwa jika ne, wasa ne tsakaninmu tun ranar sunana. Tana ce min Maigida, ina ce mata Amarya. Tana cewa ba ta taɓa ganin miji marar cefane irina ba, ina cewa ni ma ban taɓa ganin amaryar da haƙoranta suka riga ta tafiya ba. Saboda haka duk maganar da ta gagari manya, ni ake turawa.

Shekarar da na shiga babbar sakandare aka gano Kaka tana da ciwon suga. Ruwa take sha kamar gonar shinkafa, sai da randar tsakar gida ta fara jin tsoron ta. Baba ya ɗauke ta a babur zuwa asibitin garinmu, ni kuma na bi su a keke don kada a yi ba ni. Malamar asibiti ta auna ta, ta rubuta mata ƙwaya guda kowace safiya, ta ce a rage zaƙi amma kada a zauna da yunwa. Ta faɗi lambar da bai kamata awon safe ya wuce ba. Sannan ta dube ni, don ta ga alamar ni ne mai kai a cikin tawagar, ta ce in na ga jikin tsohuwa yana rawa tana gumi, sugan ne ya faɗi ƙasa, in yi maza in ba ta abu mai zaƙi.

Da Baffa ya ji labari sai ga shi ranar Juma'a da na'urar awo a kwali. Ba ta kai tafin hannu ba. Tana da ɗan gilashi a fuska da ɗan baki a ƙasa inda ake zura tsinken awo. A soki yatsa da 'yar allura, a ɗiga jini a tsinken, kafin ka yi salati lamba ta fito. Ni aka ɗora wa aikin, don ni ne ba na tsoron jini in dai ba nawa ba ne. Kaka ba ta yi boko ba, amma shekarun da ta yi tana sayar da gyaɗa sun sa lamba ba ta ɓace mata. Kullum da safe za ta miƙo yatsa ta kau da kai, sannan ta ƙwace na'urar ta duba da idonta, wai ba ta yarda da shaidata ba. Ita ta raɗa mata suna Alƙaliya, don ita ke yanke wa tuwonta hukunci.

To, Kaka tana da wata ɗabi'a. Duk abin da take so, sai ta kai wa baduku ya yi masa riga. Rediyonta yana cikin fata. Madubinta yana cikin fata. Tocilarta ma haka. Ina jin da ina tsayawa wuri ɗaya da tuni ta sa an ɗinke ni. Ranar kasuwa ta farko bayan zuwan Alƙaliya, ta ɗaure ta a bakin zani ta tafi wurin tsohon badukun da ke zama gindin tsamiya. Da yamma ta dawo da ita rataye a wuya. Jar fata ce mai laushi, da zanen baƙi a gefe da 'yan tuntaye a ƙasa, an ɗinke ta ruf ta ko'ina kamar laya. Taga biyu kawai ya bari, ta gilashin da ta bakin tsinke.

Na ce, "Amarya, in batir ya mutu fa?"

Ta ce, "Kai dai ka fara mutuwa da baƙin ciki. Taka wayar tsirara take yawo."

Kwalin da na'urar ta zo a ciki kuwa, akuyarmu ce ta yi karin kumallo da shi. Wannan akuya ta ci takardun jarrabawata na zango biyu, ta fi ni sanin abin da ke ciki.

Damina ta wuce muna awo, lamba ta ƙi sauka. Kullum tana saman wadda malamar asibiti ta faɗa. Kaka ta ɗauki abin faɗa tsakaninta da Alƙaliya. Ta bar fura. Tuwon dare ya koma rabin malmala, daga baya ya koma abin da ko kaza za ta raina. Ta fara jiƙa shuwaka tana sha da sassafe, tana yamutsa fuska har kunnuwanta su motsa. Da duk wannan bai yi ba, sai ta shiga karya ƙwaya tana ƙara rabi a kan guda, wai in ɗaya ta kasa a turo mata ƙanwarta. Asibiti kuma ta daina zuwa. Ta ce me zai kai ta bin layi da masu tari, ga likita rataye a wuyanta.

Na gaya mata malamar asibiti ba ta ce a ƙara ba. Ta ce malamar asibiti ba ta kwana da Alƙaliya. Na gaya wa Baba, ya je ya durƙusa ya yi bayani mai tsawo, ta ce ta ji, ya ce to. Kafin a fara girbi zaninta ya fara zagaye ta sau biyu. Da hantsi sai ta ce jiri take ji, ta jingina da bango, mu auna, Alƙaliya ta ce suga yana sama, ita kuma ta ƙara ɗaure ciki.

Ana tsakiyar yankan gero Baffa ya kira wayar Baba da yamma, ya ce a buɗe murya kowa ya ji. Muna zaune a tsakar gida, Kaka tana kan tabarmarta tana jan carbi. Bayan gaisuwar da ta kusa cinye katinsa, ya ce mai kantin maganin da ya sayi na'urar ne ya neme shi. Kamfanin da ya ƙera ta ya aiko da sanarwa cewa wasu daga ciki sun fito da matsala, suna nuna suga ya hau alhali bai hau ba. Ana neman a mayar da su a ba da sababbi, ba a biyan komai. Ba duka ba ne, sai waɗanda lambar da ke manne a bayansu ta fara da wasu haruffa, kuma ya turo haruffan a wayata.

Ya ce, "A juya bayanta a duba, yanzu ma ina kan layi."

Duk muka dubi wuyan Kaka. Bayan Alƙaliya jar fata ce da zanen baƙi.

Baffa ya ce, "Ko a duba jikin kwalin."

Na ce, "Sai dai a tambayi akuya."

Kaka ta sa hannu ta rufe abarta. Ta ce, "Ba za a farke ba."

Baffa ya ce, "Inna, ai ɗinki ne kawai, a sake wani."

"Abin da aka ɗinke an ɗinke. Wata da watanni tana gaya min gaskiya, ko ɗaci ko daɗi, yau wani da bai taɓa ganin fuskata ba zai aiko daga wata duniya ya ce maƙaryaciya ce? So suke su karɓe mai kyau su ba ni wadda ta gaji."

Sai muryar ɗan tsakon nan ta Baffa ta fito. "To, Inna."

Bayan magariba Baba ya kira ni zaure. Ya ce in na'urar nan tana cikin masu matsalar, to Kaka yunwa take yi wa kanta a banza, kuma ƙwayar da take ƙarawa za ta iya kayar da ita wata rana ba kowa kusa. Ya ce shi ba zai iya sa hannu a wuyan mahaifiyarsa ba. Ya ce, "Kai ne mijinta. Ka san yadda za ka yi."

Na ce ya kwantar da hankalinsa, aikin kwana ɗaya ne. Na faɗi haka ne da ƙarfin gwiwa, don ni ban taɓa shiga abu ina tunanin zan faɗi ba, ko lissafi da nake faɗuwa kullum.

Na fara da lallashi. Na ce fatar ta fara wari, ta ce hancina ne ya kusa da bakina. Na ce jar fata ta tsufa, yanzu kore ake yayi, ta ce in bari sai na yi aure in ɗinke matata da kore. Na jira ta cire ta lokacin wanka, ashe da ita take shiga, ta rataye a ƙusa ta ciki. Ranar kasuwa na je wurin baduku na ce ya zo gida ya ce ɗinkin yana da gyara. Tsohon ya ajiye basillarsa ya dube ni ta saman tabarau.

Ya ce, "Yaro, ni na ɗinka, amma mai abu ce ke cewa a farke. Tare muka tashi da kakarka. Tun muna yara ta jefe ni da maburgi, ga tabon nan."

Ya nuna min wani wuri a goshinsa da ba komai sai tsufa. Na dawo gida ba nasara, amma ban karaya ba.

Ranar Asabar da hantsi muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ni da Kaka. Baba ya tafi gona tun da asuba, Umma tana madafa. Kaka ta sha shuwakarta da ƙwaya ɗaya da rabi, ba ta sa komai a ciki ba. Ni ma ban karya ba, don na makara kuma Umma ta ce ba kunu sai na cika kwano. Ina cikin ba ta labarin yadda na kusa kama zomo da hannu, sai na ga gyaɗa tana zubewa daga hannunta. Yatsunta suna rawa. Gumi ya tsattsafo mata a goshi, alhali muna inuwa.

Na ce, "Amarya ta tsufa, ko gyaɗa ta fi ƙarfinta."

Ba ta rama ba. Tun da nake ban taɓa jifan Kaka da magana ta faɗi ƙasa ba a mayar min ba. Nan na ajiye kwano.

Na kira Umma na ce ta kawo kunu ta zuba suga da yawa. Kaka ta ce a auna tukuna, muryarta tana ja kamar rediyon da batirinsa ya yi sanyi. Na auna da sauri. Alƙaliya ta ce suga yana sama. Umma ta durƙusa da kofi a hannu, Kaka ta ture shi da bayan hannu.

Ta ce, "Kashe ni za ku yi? Ba ku ga abin da ta ce ba?"

Umma ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Ita ba za ta iya ɗura wa surukarta abu a baki ba, gona kuma da nisa.

Na wanke hannuna a buta, na ɗauko sabuwar allura da sabon tsinke. Na riga na faɗa cewa jinin wasu ne ba na tsoro. Na rufe ido na soki yatsana, na yi ƙarar da ta sa kaji suka watse, na ɗiga a tsinken tun na'urar tana wuyanta. Lamba ta fito. Tawa ta fi tata.

Na juya gilashin na nuna mata. Ta ƙura ido, ta matso da shi kusa, ta nesanta shi.

Sai na miƙe a kan tabarma na ɗora hannu a ƙirji. Na ce, "Shi ke nan, ya kama ni. Umma, daga yau ba fura, ba rake, ba alewa. Kekena a ba ƙanina. Amarya, miƙo ƙwayar nan, ɗaya da rabi kike sha ko? Ni da na fi ki sai a ba ni biyu."

Na kai hannu wurin ƙullin maganinta da ke gefen tabarma. Duk da rawar da hannunta yake yi, ta kai min duka a wuyan hannu, mai zafi kuwa.

Ta ce, "Kul. Kai da kake cin tuwon mutum uku ka haye kanya kamar biri, ina ka ga suga?"

Na ce, "Ba ni na faɗa ba, Alƙaliya ce. Kin ce ba ta ƙarya."

"Lafiyarka ƙalau."

"To ɗaya za ki zaɓa. Ko mijinki yana da ciwo, mu raba ƙwaya da shuwaka, ko kuma abin da ke wuyanki ƙarya yake yi min. In kuma ya yi min, ya yi miki."

Ta dube ni ina kwance, ta dubi ɗigon jinin da ke yatsana. Ta daɗe tana kallon sa. Na san Kaka. Za ta iya yarda ita tana da kowace cuta a duniya, amma ba za ta yarda a rubuta min ko mura ba.

Ta ce wa Umma, ba tare da ta dube ta ba, "Miƙo kunun."

Ta sha a hankali, Umma tana riƙe da gindin kofin. Akuya ta samu dama ta sa kai a kwanon gyaɗa, ba wanda ya kore ta. Can rawar hannun ta lafa, gumin ya bushe. Alamar farko da na gani cewa ta dawo ita ce da ta ce in tashi daga tabarmarta, ban iya ko mutuwar ƙarya ba.

Sannan ta ce, "Kawo reza."

Na ce in farke mata. Ta ce wanda ya sa aka ɗinke shi ke farkewa. Ta ciro igiyar daga wuyanta, ta ɗora na'urar a cinya, ta bi ɗinkin baduku zare bayan zare, ba ta yanki fatar ko kaɗan ba. Da ta zare ta, sai ga Alƙaliya tsirara, 'yar ƙarama, jan rini ya ɓata mata baya. Takardar tana nan manne, gumi ya jiƙa ta amma ana karantawa. Na buɗe saƙon Baffa na ajiye wayar kusa da ita. Kaka ba ta san haruffan boko ba, amma ta san abu biyu in sun yi kama. Ta bi su da farce ɗaya bayan ɗaya.

Ta ce, "Munafuka. Furar wata nawa kika ci min."

Da Baba ya dawo bai ko cire takalmin gona ba, ya ɗauki Kaka sai asibiti, ni ina biye a keken da na riga na bayar gado. Malamar asibiti ta auna ta da tasu na'urar, ta gwada da tamu a yatsa guda, lambobin suka yi hannun riga. Da ta ji zancen ƙwaya ɗaya da rabi sai ta ajiye biro ta yi wa Kaka faɗa, irin wanda ba a taɓa yi mata a gabanmu ba. Baba ya rasa inda zai sa idonsa, ni kuwa na gyara tsayuwa don kada wani abu ya wuce ni. Ta mayar da ita kan ƙwaya guda, ta ce ta ci abinci kamar mutum, kuma ko an kawo sabuwar na'ura a riƙa zuwa da ita ana gwadawa da ta asibiti. Ciwon yana nan, in ji ta, bai tafi ba, amma bai kai yadda aka tsorata tsohuwa ba.

Kaka ta ce ba za ta tashi ba sai an auna ni. Aka sake sokar yatsana, na jure kamar namiji, wato na yi ƙara kaɗan. Malamar ta ce ba abin da ke damuna.

Kaka ta ce, "Duba da kyau. Surutun nan ba shi da magani?"

Juma'ar da ta biyo Baffa ya zo ya tafi da tsohuwar na'urar, ya dawo da sabuwa. Kwalin na ɗora shi a saman rumbu inda akuya sai dai ta kalla. Ranar kasuwa Kaka ta ɗaure sabuwar a bakin zani, na ce ƙafata ƙafarta. A gindin tsamiya na yi wa baduku bayani kamar injiniya: a yi riga, amma a bar ƙofa a baya, da maɓalli, yadda za a buɗe a ga lamba a canza batir. Ya dubi Kaka don ya ji ta bakin mai abu.

Ta ce, "Yi yadda Maigida ya ce. Yau ɗaya dai ya yi cefane."

Baduku ya ce shekara hamsin yana jiran ranar da wani zai juya Kaka. Ta tambaye shi ko yana son tabo na biyu.

Yanzu tuwonta ya koma malmala guda, zanin ya daina zagaye ta, jirin hantsi kuma ya tafi. Furar ma tana sha kaɗan, ba suga. Rake ne dai har yau ba ta taɓawa, shi ya sa nake zuwa ƙofar ɗakinta in zauna in sha nawa a hankali, ina tsotsa da ƙara. Takan jefe ni da abin da ya fi kusa da hannunta, kuma hannun ba ya rawa, don jiya ma ta same ni a kunne da murfin kwano.